Takalmin Zomo a Gindin Tuta

Makon jiya wasu samari uku da suka gama karatu a Kafin Hausa suka tsaya a lambuna, su ukun a kan babur ɗaya, suka ce suna so su buɗe wurin sayar da fulawa, wato furannin ado. Na tambaye su me suka tanada. Babbansu ya ce ai ba wani abu ba ne, ƙasa ce da leda da ruwa, sauran kuma a waya za su duba. Na jawo musu benci suka zauna. Abin da na gaya musu ranar shi nake rubutawa a nan, don na san ba su kaɗai ne masu wannan tunanin ba.

Sunana Sabo, amma a Dutse Mai Fulawa ake ce mini. Lambuna wani siririn fili ne a bakin titi ta wajen Takur, a jikin katangar wata ma'aikatar gwamnati. Filin nasu ne. Ba ni da takarda a kansa ko guda, izinin baki ne tun zamanin maigidana. A cikinsa rijiyata take, da iyayen mangwaro shida da nake yankar reshe a jikinsu ina yi wa ƙanana aure, wato in haɗa reshen a jikin ƙaramin dashe, da inuwar da ta ɗauki shekaru kafin ta haɗu. Leda da tukwane a rana ɗaya mutum zai kwashe su a baro. Rijiya da bishiya ba sa tashi.

Kayan aikin ba su da yawa: fartanya, shebur, baro, rariyar tankaɗe ƙasa, bokitin ban ruwa mai ramuka a baki, almakashi, da ledojin ruwan sha da muke tsinta mu wanke mu cika da ƙasa. Sai wuƙar aure, wadda ba na ba kowa aro, ko limamin unguwarmu ne. Duk waɗannan a kasuwa ɗaya za ka saye su kafin azahar. Abin da ba a sayarwa shi ne ka kalli ganye ka san ƙishirwa ce ke damunsa ko ruwa ne ya yi masa yawa, domin a ido duk laushi ɗaya suke yi, kuma mai sabon hannu kullum ƙarin ruwa yake yi har ya kashe abu yana ganin taimakonsa yake. Masu saye ma haka suke. Hajiya za ta sayi fure ta kai shi falo mai sanyin inji, ta rufe labule, bayan mako biyu ta dawo da gawarsa ta ce na ba ta mara kyau.

Aikina na farko a hannun Baba Ɗanjuma tankaɗe ne. Shi ne maigidana a sana'a. A Kano ya koyi aikin lambu, ya dawo Dutse lokacin da gari ya zama babban birnin jiha, aka gina gidaje ko'ina babu ko bishiyar da akuya za ta fake. Na zo wurinsa ina da aure da 'ya ɗaya, ina ganin kaina babban mutum, ya miƙo mini rariya. Shekara biyu ina tankaɗe da jan guga kafin ya bari na taɓa wuƙa. Dokokinsa ba su da yawa, amma akwai wadda yake maimaitawa har ta ishe ni: duk tukunyar da ka ga kamar abin cikinta ya mutu, kada ka juye ta sai damina ta wuce ta kanta.

Yana da wasu tukwanen ƙasa guda bakwai a gindin babban mangwaro, can ƙarshen lambu. Fiye da rabin shekara babu komai a cikinsu sai busasshiyar ƙasa. Idan ruwa ya sauka sai ganye huɗu masu kauri, zagayayyu kamar ƙananan faifai, su fito su kwanta a kan ƙasar, sannan fure ɗaya ruwan ɗorawa ya buɗe a tsakiya da safe, kafin azahar ya sunkuya ya mutu. Ba wanda ya taɓa taya su. Baba ya ce sunansa takalmin zomo, kuma shi ne furen da aka zana a ƙarƙashin ƙafafun dawakan nan biyu na tambarin Najeriya, wato furen ƙasa ke nan. Na ce masa to, amma a raina na ɗauka irin zancen tsofaffi ne. Furen gwamnati guda a ce yana kwance a ƙasa kamar ciyawa?

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ita ce mafi muni da na gani a wannan sana'a. Kafin bazara guga ya fara fitowa da taɓo. Muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kura biyu a rana ga lambun da yake shan takwas. Kowace safiya sai na tsaya na zaɓi layin da zai sha da layin da zan bari ya mutu. Gara ta ji bushewa ta shiga dashen mangwaro ta ƙarƙashi, ka ga tsiro a tsaye lafiya, ka taɓa shi ya faɗi. Na barbaɗa toka har hannuna ya tsage. A cikin haka Baba ya kwanta rashin lafiya, aka kai shi gidan 'yarsa a Taura, ya yi wata uku a can. Sai ga wata Hajiya daga Takur tana neman fulawa a tukwanen ƙasa, guda bakwai, za ta jera a ƙofar gida don walimar ɗanta. Ba ni da tukunya ko ɗaya. Na kalli na gindin mangwaro, na ce waɗannan ai sun daɗe da mutuwa, a irin wannan fari. Na juye su a kan juji, a tsakiyar rana. Na ga wasu saiwoyi sirara masu kama da citta sun faɗo tare da ƙasar, ban ko sunkuya ba.

Ranar da Baba ya dawo, ko zama bai yi ba ya wuce gindin mangwaro. Ya tambaya, na faɗa masa. Ya dogara sandarsa har juji, ya tona, ya ɗauko saiwa ɗaya. Ta karye a hannunsa kamar ƙirare.

"Sabo, a ina ka san sun mutu?"

"Baba, wata biyar fa ba ganye."

"Wata biyar," in ji shi. "Ni shekara goma sha ɗaya ina ba su inuwa."

Bai sake tada maganar ba har Allah ya karɓi ransa a shekara mai zuwa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Har yau in na tuna ƙarar karyewar saiwar nan kunya nake ji.

Aikin da ya kusa raba ni da filin ya zo ne bayan shekaru, a farkon wata damina. An kawo sabon Darakta ma'aikatar, aka kuma gama sabon gini da za a buɗe, da sandar tuta a gabansa. Ya sa aka kira ni ofis. Mutum ne mai son a yi abu yanzu-yanzu, yana magana yana duba agogo. Ya turo mini wata takarda mai tambarin ƙasa a samanta, ya ɗora bakin biro a ƙarƙashin dawakan.

"Ka ga waɗannan furannin? An ce mini furen ƙasa ne. Su nake so a gindin tuta ranar buɗe ginin nan. Saura kwana goma sha biyu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a sayar da shi a kasuwa. Ɗan daji ne."

"Na duba, ba ka da takarda a kan filin da kake," in ji shi. "Akwai wani daga Kano da yake so ya yi wurin wankin mota a nan, kuma ya ce in fure ne shi zai kawo. Ni ban ga amfanin mai fulawa a jikin katangarmu ba in ba zai iya kawo fure ɗaya ba."

Na fito. Ina tafe ina ganin tukwane bakwai ɗin nan a idona.

Jauro Buba ne ya cece ni, wani dattijon makiyayi da nake sayen takin shanu a rugarsa tun zamanin Baba. Na same shi da hantsi yana duba ƙafar wata saniya. Na tsuguna na zana masa ganye huɗu a ƙasa da tsinke. Ya kalla ya ce yana yaro akwai shi a lungunan duwatsun nan na bayan gari, amma tun da aka fara fasa dutse, awaki kuma suka yi yawa, ya daina ganinsa. Sai dai kudu, ta wajen Gwaram, inda ƙanensa yake zaune. Washegari bayan sallar asuba muka hau babur, ni a gaba, shi a baya da sandarsa, da buhuna shida da jarkar ruwa.

A nan na ga inda furen ƙasa yake zama, kuma ba wurin da za a kai baƙo ba ne. Wani tsagi ne tsakanin manyan duwatsu, ƙarƙashin bishiyoyi, inda ganye ya shekara yana ruɓewa har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Rana ba ta samunsa sai ta ɗan lokaci da safe. Ga su nan kwance, ganye huɗu-huɗu, wasu da fure a buɗe. Ba a sa masa fartanya. Da wuƙa da yatsu ake zagaye shi, tazarar tafin hannu daga ganyen, a ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya kamar ana ɗaukar ƙwai, a naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Na ciro ashirin da huɗu, na miƙa hannu ga na gaba, Jauro ya sa sandarsa a gabana.

"Ya isa, Malam Sabo. Abin da ka bari ya fi abin da ka ɗauka yawa, ko kuwa baɗi ka zo ka tarar da dutse."

Na cika buhu biyu da baƙar ƙasar wurin. A hanyar dawowa sau biyar muna tsayawa ina yayyafa wa buhunan ruwa, kuma duk ramin da babur ya faɗa sai na ji kamar a cikina ne saiwar ta karye.

Gindin tuta kuwa fili ne fetal, jar ƙasa mai tsakuwa, rana tun daga fitowarta har faɗuwa. Na haƙe wurin zurfin gwiwa, na zuba ƙasar da na taho da ita, na dasa ashirin da ɗaya, uku na kai lambu na sa a tukwane. Na kafa gajeruwar rumfar zana a kansu. Kwana huɗu ganyen na lanƙwashe, ma'aikata na wucewa suna tambayata ko kabeji na shuka. A rana ta tara da safe fure uku suka buɗe. Na aika aka gaya wa Darakta. Ya fito da mutanensa, ya leƙa ƙarƙashin zana, ya miƙe fuskarsa a murtuke.

"Wannan ai rawaya ne. Na tambari ja ne. Ka mai da ni wanda bai san kala ba?"

"Ranka ya daɗe, mai zane ne ya ba shi ja. Yadda Allah ya halicce shi ke nan."

Wani daga cikin mutanensa ya ce ai da sauƙi, a sayo jan fenti na feshi a bi su da shi da safe. Na ce duk wanda ya fesa masa fenti, kafin ya rufe gwangwanin furen ya mutu, kuma ni ba da hannuna ba. Darakta ya ce to in tattara kayana. Sai wata ma'aikaciya, Malama Binta, da take tsaye a baya tana latsa waya, ta matso ta ce, "Yallaɓai, ka duba nan. Gaskiyarsa ne, rawaya ne." Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Na san an kunyata shi a gaban na ƙasa da shi, kuma na san ba a kan Malama Binta zai huce ba.

"In baƙo ya yi tambaya na ji kunya," in ji shi, "a ranar za ka tashi."

An sa bikin ƙarfe goma. Na san manya ba sa zuwa a kan lokaci, na kuma san furen nan ba ya kai azahar a rana. Na bar rumfar a kansu, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna, ina tsaye da bokiti ina ƙara jiƙawa. Sau uku ana aiko mini in cire wannan ƙazantar daga gaban gini, ina cewa yanzun nan. Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Na leƙa na ga gefen furannin ya fara laushi. Sai wajen ƙarfe ɗaya saura muka ji jiniya. Na fizge zana na jefa bayan katanga. Fure goma sha huɗu a buɗe, suna sheƙi a gindin tuta. Babban baƙo ya fito daga mota da waya a kunne, ya wuce ta gefensu taku biyu, bai ko kalli ƙasa ba. Darakta bai gode mini ba, bai kuma kore ni ba, na ɗauka magana ta ƙare.

Da damina ta wuce ganyen ya yi rawaya, ya bushe, ya ɓace, kamar yadda ya saba. Gindin tuta ya koma ƙasa zalla. Na roƙi maigadi kada ya bari kowa ya taka wurin ko ya tona. A tsakiyar bazara, ina cikin yi wa mangwaro aure, sai ga tifa ta juye yashi a bakin lambuna, ta bi da bulo. Mutumin Kano ne. Na je ofis, Darakta ya miƙo mini takardar tashi.

"Ka kawo mini abin wata uku ka ce furen ƙasa. Duk wanda ya shigo ma'aikatar nan yanzu kango yake gani a gindin tuta. Za a tone wurin a shimfiɗa bulo."

"Ranka ya daɗe, bai mutu ba. Barci yake a ƙasa. Ka bari ruwa ya sauka a kansa."

"Wata nawa ke nan ba ganye?"

"Biyar," na ce, kuma da na faɗa sai na tuna haka na ce wa Baba.

Ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai kamawa. In ba a ga komai ba, a tone, ni kuma in kwashe.

Ban taɓa kallon sama kamar a wannan watan ba. Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, iska ta taso ta watsa shi. Na ce bari in gwada dabara: na ɗauki tukunya ɗaya cikin ukun da ke lambu na dinga ba ta ruwan rijiya safe da yamma, ko za ta farka. Bayan kwana goma na sa yatsa na tarar saiwar ta ruɓe, tana wari. A zafin nan ruwan guga dafa ta yake yi. Daga nan na ɗaure hannuna, ban kai ko kofi ɗaya gindin tuta ba, kuma wannan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, in tsaya da bokiti cike a hannu in ƙi zubawa. Masu saye suka fara tambayata ina zan koma. Mutumin Kano ya zo da igiya yana awon inda zai sare iyayen mangwaro, yana gaishe ni da fara'a.

Saura kwana huɗu wa'adi ya cika aka yi ruwa da yamma, ba mai yawa ba, wanda dai ya kwantar da ƙura ya shiga ƙasa kamar tsawon yatsa. Washegari na je, ba komai. Na sake zuwa, ba komai. A rana ta ƙarshe da hantsi na tarar da lebura tsaye da diga a kafaɗa, Darakta a gefe yana duba agogo. Ƙasar nan shafe take, ko tsinke babu.

Na ce a ba ni minti biyar. Na durƙusa na fara share ƙasar da gefen hannuna, a hankali, inda na tuna na dasa na tsakiya. Babu. Na matsa gaba. Gumi na ɗiga a kan ƙasar. A wuri na uku yatsana ya taɓa wani abu mai tsini. Na hure ƙasar. Wani ɗan kore ne a naɗe, bai fi bakin alƙalami ba. Na share gefensa, ga wani, ga kuma wani.

Darakta ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna kusa da ni. Ya daɗe yana kallo, ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya fasa. Ya ɗaga kai ya ce wa leburan ya tafi, ya kuma gaya wa mai yashi ya zo ya kwashe kayansa.

"Yanzu da ka yi shiru da mun tone shi da ransa," in ji shi. "Ya aka yi ka tabbata haka?"

Na ce, "Na taɓa tonewa, ranka ya daɗe."

Har yau ba ni da takarda a kan filin, amma rijiyar tana nan, mangwaron ma suna nan. Cikin samarin nan uku, ɗaya ne ya dawo washegari, ƙaraminsu. Kafin in miƙa masa rariya na kai shi ƙarshen lambu, na nuna masa tukwane bakwai da na yaɗa daga biyun da suka rage mini, a gindin babban mangwaro, babu komai a cikinsu sai busasshiyar ƙasa. Ya ce, "Baba, in juye maka su?" Na ce ya zauna tukuna.